Allantarwa: kalmar da ke tsakanin ubangida da Ubangiji

Duk lokacin da kakar siyasa ta kankama, akwai kalmar da kan taso daga majalisin masu wa'azi ta faɗa bakin masu sharhi a gidajen rediyo, ita ce allantarwa. Sai a ji ana cewa magoya bayan wane sun allantar da shi, ko mabiyan wane sun allantar da malaminsu. Wanda aka jefa da ita yakan fusata, domin ya san zargin ba ƙarami ba ne. Wanda ya yi jifar kuwa sau da yawa bai tsaya ya auna nauyin abin da ya ɗauka ba.

Kalmar tana da 'yan'uwa a manyan harsunan duniya, kuma tarihinsu yana nuna abu guda: da wuya a sami wanda ya mayar da kansa abin bauta shi kaɗai. Aikin na mutanen da ke kewaye da shi ne, wato fadawa da magatakarda da 'yan majalisa da masu rubuta masa jawabi. Saboda haka kalmar ta shafi duk wanda ke aiki a ƙarƙashin wani babba.

Yadda aka gina ta

Hausa tana da hanyar da take ƙera aikatau daga suna. Daga Musulmi aka sami musulunta da musuluntar da wani. Daga zamani aka sami zamanantar da abu, daga siyasa aka sami siyasantar da magana. A kan wannan turba aka bi da sunan Allah, aka sami allantar da wani, wato a ɗauke shi a matsayin abin bauta ko a jingina masa abin da na Allah ne kaɗai. Sunan aikin shi ne allantarwa.

Ginin kalmar kansa yana ɗauke da darasi. Irin wannan aikatau ba ya tsayuwa sai da mutum biyu, mai yi da wanda aka yi wa. Ana iya cewa wane ya musulunta, a tsaya nan, amma ba a cewa wane ya allantar a yi shiru, sai mai sauraro ya tambaya: da wa? Larabci ma haka yake, domin ta'alihi aiki ne da wani ke yi wa wani. Kalmar Ingilishi deify ta samo asali ne daga kalmomin Latin biyu, ɗaya mai nufin abin bauta, ɗaya mai nufin yi ko ƙerawa. Ɗaya kalmar da Turawa ke amfani da ita, apotheosis, daga Girkanci take, kuma tana nufin ɗaga mutum zuwa sahun alloli. A duk harsunan nan akwai hannun da ya yi ɗagawar.

Sai dai a rarrabe ta da allantaka. Allantaka siffa ce, kamar yadda jarumtaka da abokantaka suke, kuma ba ta ɗauke da zargi. Malaman tauhidi kan fassara uluhiyya da allantaka, rububiyya kuma da ubangijintaka, yayin da littattafan Kirista na Hausa ke amfani da ita wajen bayanin aƙidarsu game da Yesu Almasihu. Wasu marubuta kan rubuta ta da babban baƙi har da harafin h, wato Allahntaka, wasu kuma kan bi lafazi su rubuta allantaka. Allantarwa kuwa kalmar mai kallo daga waje ce. Duk wanda ya furta ta ya riga ya yanke hukunci cewa abin da aka ɗaga ɗin bai kai nan ba. Babu mai addinin da ke faɗar ta game da abin da shi kansa ya yi imani da shi.

Wannan ne ya sa take buƙatar taka-tsantsan a rubutun jarida da takardun hukuma. Ɗan jaridar da ya rubuta cewa mabiya wani addini ko wata ɗariƙa sun allantar da wani, ba rahoto ya kawo ba, ɓangare ya ɗauka. Idan zargi ne, sai a jingina shi ga wanda ya yi shi. A tsakanin Musulmi, cewa wani ya allantar da shehinsa daidai yake da tuhumarsa da shirka, kuma a ƙasar da husumar addini ta sha cin rayuka, irin wannan magana ba ta wasa ba ce.

Matakan da ke ƙarƙashinta

Hausa ba ta rasa kalmomin yabo ba, kuma kowace da matakinta. Girmamawa haƙƙi ce ta iyaye da malamai da shugabanni. Yabo kuwa, an ce na gwani ya zama dole. Kirari da zuga sana'ar maroƙa ce, kowa ya san da gishiri a ciki, shi wanda ake wasawa ma ya sani. Fadanci da bambaɗanci yabo ne na neman abin duniya. Sama da su akwai abin da malamai ke kira guluwwi, wato wuce gona da iri wajen kambama bawan Allah. Allantarwa ita ce matakin ƙarshe, inda ake cire mutum daga sahun masu kuskure da masu mutuwa.

Akwai kalmomi biyu da ke nuna kusancin matakan. Ubangida da Ubangiji tushensu ɗaya, wato uba da gida, domin giji tsohuwar siga ce ta gida, wadda ta saura a cikin kalmar uwargijiya. A da, ana kiran mamallakin bawa ubangijinsa. Sannu a hankali harshen ya raba musu aiki, ubangida ya zama na wanda ake yi wa hidima a duniya, Ubangiji da babban baƙi ya zama na Mahalicci. Haka ma kalmar bauta, ana bautar Allah, ana kuma kiran matasan da suka gama jami'a masu bautar ƙasa. Gaɓa ɗaya ce tak ta raba ubangida da Ubangiji, kuma allantarwa ita ce sunan abin da ke faruwa idan bara ya manta da gaɓar nan.

Rum, inda aka mayar da ita aikin ofis

Babu daular da ta tsara wannan al'amari kamar Rum. An kashe Yuliyas Kaisar ranar 15 ga Maris na shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan 'yan watanni, ana cikin wasannin da magajinsa Oktabiyan ya shirya don tunawa da shi, sai tauraruwa mai wutsiya ta bayyana har kwana bakwai. Jama'a suka ce ran Kaisar ne ke hawa sama. A shekara ta 42 majalisar dattawa ta zartar da ƙuduri, ta sanya shi cikin allolin ƙasa, aka gina masa ɗakin bauta a tsakiyar birni.

Wanda ya ci ribar ƙudurin ba mamacin ba ne. Oktabiyan, wanda Kaisar ya ɗauka a matsayin ɗa, nan take ya fara kiran kansa ɗan abin bauta, ya buga laƙabin a kan kuɗi. Da wannan suna ya fuskanci abokan hamayyarsa har ya zama sarkin daular na farko, da laƙabin Agustus. Sunayen mutanen nan biyu suna nan a kalandar da ke rataye a kowane ofishin gwamnati, domin daga gare su aka sami watannin Yuli da Agusta.

Da Agustus ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya, tsarin ya fara zama kamar bin fayil daga tebur zuwa tebur. Ana ƙona gawa, a saki gaggafa daga saman itacen a matsayin mai ɗaukar rai zuwa sama, a kawo shaida, majalisa ta kaɗa ƙuri'a, a naɗa masu hidimar ɗakin bauta, a ware kuɗi. Marubucin tarihi Kasiyus Diyo ya ruwaito cewa wani ɗan majalisa mai suna Numeriyus Atikus ya rantse ya ga Agustus yana hawa sama, kuma Libiya, matar mamacin, ta ba shi tukwicin sestas miliyan ɗaya. A wancan lokacin albashin sojan ƙasa na shekara guda sestas 900 ne.

Manyan Rum sun san abin da suke yi. Harshensu ma ya ware kalma ga mutumin da aka ɗaga, divus, daban da deus da ake kiran allolinsu na asali. Ba kowane sarki ne ya samu ba. Tiberiyus bai samu ba, Kaligula da Nero ma haka. Sarki Besfasiyan, da ciwon ajali ya kama shi a shekara ta 79, an ruwaito ya yi ba'a cewa da alama ya fara zama abin bauta.

Labarin da ya fi dacewa da masu rubuta wa manya jawabi shi ne na Seneka. Da Sarki Kalaudiyus ya mutu a shekara ta 54, Seneka ne ya rubuta jawabin yabon da sabon sarki Nero ya karanta a wajen jana'iza. Tasitus ya ce da aka zo kan hikimar mamacin da hangen nesansa, masu sauraro sun kasa riƙe dariya. Majalisa ta allantar da Kalaudiyus kamar yadda aka saba. Shi Senekan nan kuma shi ake jingina wa wani rubutun zambo da ya fito a lokacin, wanda sunansa ke wasa da kalmar allantarwa ta Girkanci, ya mayar da ita zama kabewa. A ciki an nuna Kalaudiyus ya isa sama, alloli sun kore shi. Alƙalami ɗaya ya yi yabon a fili, ya yi zambon a gefe. Ƙarshen Seneka bai yi kyau ba, domin a shekara ta 65 Neron da ya raina ya umarce shi da ya kashe kansa.

Abin da manya suka ɗauka wasa, ga na ƙasa ya zama batun rai da mutuwa. Wajen shekara ta 112, gwamnan lardin Bitiniya, Filini Ƙarami, ya rubuta wa Sarki Tirajan yana neman shawara kan yadda zai yi da Kiristoci. Ya bayyana gwajin da yake musu: a kawo siffar sarki tare da gumakan alloli, a ce su miƙa turaren wuta da ruwan inabi. Wanda ya yi a sake shi, wanda aka tambaya har sau uku ya dage cewa shi Kirista ne a kashe shi. Filini ba azzalumi ba ne a idon mutanen zamaninsa. Ma'aikaci ne mai bin ƙa'ida, wanda ke neman umarni daga sama.

Tun kafin Rum, Girkawa sun ga irin wannan. A shekara ta 327 kafin Miladiyya, Iskandar na Makidoniya ya so fadawansa su riƙa faɗuwa a gabansa irin yadda ake yi a fadar Farisa. Ga Girkawa, wannan gaisuwa ta alloli ce. Kallistenis, ɗan'uwan Aristotal kuma marubucin tarihin fadar, ya ƙi. Ba a jima ba aka laƙa masa hannu a wata maƙarƙashiya, ya mutu a tsare. Abin lura shi ne, shi ne tun farko ya yaɗa a rubuce-rubucensa cewa Iskandar ɗan babban abin bautar Girkawa ne. Ya taimaka wajen kafa tsanin, da ya ga an hau an wuce inda yake so, sai ya rasa yadda zai sauko da ubangidansa.

Abin da littattafan addini suka ce

Musulmi da Kirista duka suna da labaran da suka kafa iyaka a wannan babi. Alƙur'ani ya kawo Fir'auna a matsayin wanda ya yi da'awar ubangijintaka da bakinsa, amma bai kawo shi shi kaɗai ba. Ga fadawan da ke zuga shi, ga Hamana wanda aka umarta ya gina doguwar hasumiya, ga jama'ar da Suratuz Zukhruf ta ce ya raina wa hankali suka kuma bi shi. A Suratu Nuhu an ambaci sunaye biyar, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa waɗannan mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa alamomi a wuraren zamansu don tunawa da su, da zamani ya ja aka manta dalili sai aka koma bauta musu. Ke nan ƙauna ce mafarin abin, ba tsoro ba.

Akwai wata ruwaya da ta ba kalmar ma'ana mai faɗi. Adiyyu ɗan Hatim, wanda Kirista ne kafin ya musulunta, ya ji ayar Suratut Tauba da ke maganar riƙon malamai a matsayin iyayengiji, sai ya ce ai ba sa bauta musu. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana masa cewa bin su ido rufe, idan sun halatta haram ko sun haramta halal, shi ne bautar. A wannan ma'ana, allantarwa ba ta buƙatar gunki ko sujada. Biyayyar da ba ta da iyaka ta wadatar.

Idan aka tuna tauraruwar Kaisar, akwai abin kwatance a Madina. A shekara ta 10 bayan Hijira rana ta yi husufi a ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi (SAW) ya tashi ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Alama ta bayyana a sama a wurare biyu. A Rum magaji ya buga ta a kan kuɗi, a Madina wanda aka so a girmama da ita ya ƙi karɓa.

Littafin Ayyukan Manzanni ya kawo labarai biyu masu kama da haka. A garin Listira, bayan an warkar da wani gurgu, jama'a suka kira Bulus da Barnaba da sunayen allolin Girkawa, har aka kawo bijimai za a yanka musu. Su biyun suka yayyage tufafinsu, suka ruga cikin taron suna cewa su mutane ne kamar kowa. Sarki Hirudus Agaribas kuwa ya yi jawabi a Kaisariya, jama'a suka ce muryar abin bauta ce, bai tsawata musu ba. Marubucin tarihi Yosifus ma ya kawo labarin, ya ce sarkin yana sanye da riga ta azurfa mai ƙyalli, ciwon ciki ya kama shi, ya mutu bayan kwana biyar, a shekara ta 44. Laifin da aka kama shi da shi shiru ne.

A fadojin ƙasar nan

Nijeriya tana da nata misalan. A al'adar Yarbawa, Sango ɗaya ne daga cikin sarakunan Oyo na farko, wanda bayan mutuwarsa mabiyansa suka ɗauke shi a matsayin abin bautar tsawa da aradu. Mutum-mutuminsa da Ben Enwonwu ya ƙera a 1964 yana gaban tsohuwar hedikwatar hukumar wutar lantarki da ke Marina a Legas. Gaisuwar sarakunan Yarbawa, Kabiyesi, ana fassara ta da wanda ba a tuhumarsa. Duk da haka tsohuwar daular Oyo ba ta sakar wa Alafin ragama ba. Majalisar Oyo Mesi, ƙarƙashin Bashorun, tana iya aika masa da ƙwarya, alamar cewa jama'a sun ƙi shi, kuma al'ada ta wajabta masa barin duniya. A Wukari ma, C. K. Meek ya bayyana a littafinsa na 1931 yadda Jukunawa ke danganta Aku Uka da ruwan sama da albarkar gona, tare da tarin haramce-haramcen da suka ɗaure shi kansa sarkin. Al'ummomin da suka ɗaga sarki zuwa wannan matsayi sun tanadi igiyar da za su ja shi da ita.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta an daɗe ana muhawara kan gaisuwar fada. Ibnu Batuta, da ya ziyarci daular Mali a 1352, ya yi mamakin ganin mutane na zuba wa kansu ƙasa a gaban Mansa Sulaiman. Hausawa ma sun san wannan al'ada, suna kiran ta afi, kuma tana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soka a rubuce-rubucensa.

Amma duk wanda ya saurari gaisuwar fadar Hausa da kunnen basira zai ga wani abu. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ba ka nasara, Allah ya taimaki sarki, dukansu addu'o'i ne. Ba a roƙa wa wanda ba ya mutuwa tsawon rai, ba a kuma roƙa wa mai cikakken iko taimako. Kowace gaisuwa tana girmama sarki tana kuma tuna masa cewa akwai na sama da shi. Kirarin ma daga daji ake ɗauko shi, zaki da giwa da bajimi, ba daga sama ba. Sarkin sarakuna kuwa an bar wa Allah. Karin magana ya ƙarasa sauran: sarki goma zamani goma, kuma mutum tara yake bai cika goma ba.

Ƙarni na 20

Zamanin rediyo da talabijin bai kashe al'adar ba, sabon kayan aiki ya ba ta. Yawancin mutanen Japan ba su taɓa jin muryar Sarki Hirohito ba sai ranar 15 ga Agusta 1945, da ya sanar da miƙa wuya. Ranar 1 ga Janairu 1946 ya fitar da sanarwar da ta nesanta shi daga aƙidar cewa sarki abin bauta ne a siffar mutum, kuma tsarin mulkin 1947 ya mayar da shi alamar ƙasa kawai. Kafin nan miliyoyi sun mutu a yaƙin da aka yi da sunansa.

Sarkin Habasha Haile Selassie nasa daban ne. Bayan naɗinsa a 1930, wasu mutane a Jamaika suka ɗauke shi a matsayin abin bauta, suka kira kansu da sunansa na kafin sarauta, Ras Tafari. Shi kuwa Kirista ne mabiyin cocin Habasha har ƙarshen ransa. Ya ziyarci tsibirin ranar 21 ga Afrilu 1966, taron da ya tarbe shi ya cika filin jirgi har ya daɗe bai iya saukowa ba. An hamɓarar da shi a 1974, ya mutu a 1975, aƙidar kuma tana nan.

A ƙasashen da gwamnati ce ke ɗaukar nauyin aikin, ma'aikata ne ke yin sa. A Zayar, labaran talabijin kan fara da hoton Mobutu yana saukowa ta cikin gizagizai. A Turkmenistan, an kafa wa Saparmurat Niyazov mutum-mutumi mai ruwan zinariya da ke juyawa yana fuskantar rana, kuma a 2002 aka sauya sunan watan Janairu zuwa laƙabinsa, na Afrilu zuwa sunan mahaifiyarsa. Ya mutu a 2006, a 2008 aka mayar da sunayen watannin yadda suke. A Tarayyar Sobiyet, Nikita Kurushob, wanda ya yi shekaru yana cikin masu yabon Stalin, shi ne ya tashi a babban taron jam'iyya na Fabrairun 1956 ya yi tir da bautar mutum ɗaya. A 1961 aka fitar da gawar Stalin daga ɗakin da aka ajiye ta kusa da ta Lenin. Hannun da ya ɗaga shi ne ya sauke.

A Nijeriya ba a taɓa kafa wa shugaba ɗakin bauta ba. Sigar da aka sani ita ce ta babu mai iyawa sai shi. A watan Maris na 1998 aka tara jama'a a Abuja don roƙon Janar Sani Abacha ya zarce, kuma zuwa Afrilu jam'iyyu biyar da ke akwai duk sun tsayar da shi ɗan takara. Ya rasu ranar 8 ga Yuni, ƙasa ta ci gaba, da yawa daga cikin masu roƙon kuma suka koma fadar da ta biyo baya. Bayan shekara takwas, ranar 16 ga Mayu 2006, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin gyaran tsarin mulki wanda zai buɗe ƙofar wa'adi na uku. Majalisar Rum ta kaɗa ƙuri'a ta fitar da shugaba daga sahun mutane, ta Abuja a ranar ta kaɗa ta bar shi a cikinsu.

Ma'auni ga mai aikin gwamnati

A bakin masu sharhi, allantarwa yau ta fi yawa a matsayin aron magana. Idan aka ce magoya baya sun allantar da ɗan siyasa, ba ana nufin suna masa sujada ba. Ana nufin sun daina ganin kuskurensa, kuma duk wanda ya nuna kuskuren ya zama maƙiyi. Wannan amfani yana da gurbi a harshe, muddin mai magana ya san aro yake yi, bai kuma mayar da kowace soyayya ko biyayya allantarwa ba. Wanda ya miƙe tsaye don minista ya shigo, ko ya ce masa ranka ya daɗe, ladabi ya yi. Idan aka kira wannan allantarwa, kalmar za ta rasa kaifinta ranar da ake buƙatar ta.

Ma'aunin yana cikin tambayoyi kaɗan. Shin akwai wanda zai iya rubuta a fayil cewa umarnin mai gida ya saɓa wa ƙa'ida, ya kuma kwana a kan kujerarsa? Shin mummunan labari yana isa teburin mai gida yadda yake, ko sai an wanke shi a ofisoshi uku? Idan aiki ya yi kyau sunansa ake kira, idan ya lalace fa, wa ake kira? Shin ana iya maganar wanda zai gaje shi ba tare da an ɗauke ta cin amana ba? Inda amsoshin suka karkata gefe ɗaya, an fara hawa tsanin, ko da kowa a ofishin yana sallah ko yana zuwa coci.

Doka ta riga ta nuna inda biyayya ta dosa. Rantsuwar da ke Jadawali na 7 na tsarin mulkin 1999, wadda ministoci da masu ba da shawara na musamman ke yi, ta mubaya'a ce ga Tarayyar Nijeriya da kare tsarin mulkinta, ba a ambaci sunan kowa a ciki ba. Sashe na 308 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni kariya daga gurfana a kotu, amma kariyar ta kujera ce, tana ƙarewa ranar da aka sauka. Sashe na 143 kuma ya tanadi hanyar tsige shugaban ƙasa, wato dai ƙwaryar Oyo Mesi a rubuce.

Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Karin maganar ya sassauta wa sarakuna fiye da kima, domin Hirudus ma yana iya tsawatawa bai yi ba. Amma ya faɗi gaskiya game da inda abin ke farawa. Shugaban da aka daina gaya wa gaskiya shi ne na farko da ke cutuwa, domin yana yanke hukunci a kan labarin da aka tace masa, talakawa kuma su biya kuɗin kuskuren. Hadimin da ya iya cewa, “Ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne,” ya haɗa ladabi da amana a jimla ɗaya, kuma ya bar ubangidansa a matsayin da addu'a za ta amfane shi.